Tasirin Kafofin Watsa Labarai a Kan Halayen Jama'a Game da Tashin Hankali



Duk wanda ya yi wayo a Kano ko Kaduna ko Jos cikin shekarun 1970 ya san abin da kan faru kashegarin ranar da aka nuna fim ɗin Bruce Lee a silima. Yara kan cika lungu suna tsalle suna kai ƙafa sama, suna wani irin ihu, waɗansu har da guntayen sanduna biyu da aka haɗa da sarƙa. Iyaye da malamai ba su bukaci wani masani ya faɗa musu inda yaran suka samo wannan wasa ba, gama gani ya kori ji. Abin da ya gagare su yanke hukunci a kansa shi ne, shin yaron da ya koyi harbi da ƙafa a silima ya koyi mugunta ne, ko kuwa kokawar da ya saba yi a dandali ce ta sake riga? Wannan tambaya ta kusa shekara ɗari a hannun masana ilmin halayyar ɗan Adam da na zaman jama'a. Ba kuwa tambayar shaƙatawa ba ce, domin a kan amsarta ne ake kafa hukumomin tace fina-finai, a kanta ake rufe gidajen rediyo, a kanta kuma kotuna suka taɓa yanke wa mutane hukuncin kisa da na ɗaurin rai da rai.

Asalin damuwar daga yaƙi ta fito. A Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, gwamnatocin Ingila da Jamus da Amurka sun yi amfani da jaridu da hotunan bango da fina-finai don cusa wa mutanensu ƙiyayyar abokan gaba. Da ƙura ta lafa, sai aka gane cewa waɗansu labaran ƙage ne. Alal misali, a 1917 jaridun Ingila sun baza cewa Jamusawa suna da wata masana'anta inda suke narka gawawwakin sojojinsu don fitar da kitse, sai a 1925 gwamnatin Ingila ta yarda a gaban majalisa cewa babu gaskiya a maganar. Harold Lasswell ya rubuta littafi a kan dabarun farfagandar wannan yaƙi a 1927. Daga irin wannan yanayi ne aka sami ra'in da ake kira ra'in allura, watau cewa saƙon jarida ko na fim yana shiga kan mutum kamar yadda ruwan allura ke shiga jini, ba shawara, ba gardama, kuma aikinsa ɗaya ne a jikin kowa. Ya kamata a lura, babu wani malami da ya taɓa tsayawa ya ce shi ne mai wannan ra'i. Waɗanda suka zo daga baya ne suka laƙaba sunan, don su sami abin da za su rushe.

Bincike na farko mai girma a kan yara shi ne wanda asusun Payne ya ɗauki nauyinsa a Amurka daga 1929 zuwa 1932. An auna barcin yara bayan sun dawo daga silima, an auna motsin jikinsu suna cikin kallo, an kuma sa matasa sun rubuta tarihin abin da fina-finai suka yi musu. Ruth Peterson da L. L. Thurstone suka nuna wa 'yan makaranta a jihar Illinois wani tsohon fim na 1915 mai yabon ƙungiyar Ku Klux Klan, suka tarar ƙyamar baƙar fata ta ƙaru a zukatansu, kuma watanni bayan haka ba ta gushe ba. Duk da haka masu binciken sun yi ta nanata cewa tasirin ya danganta da shekarun yaro da gidan da ya fito da unguwar da yake zaune. Wani marubuci, Henry James Forman, shi ne ya taƙaita aikin don jama'a a 1933, ya zubar da duk waɗannan sharuɗɗa, ya bar tsoratarwa zalla, littafinsa kuwa shi mutane suka karanta. Wannan ɗabi'a ta zubar da sharaɗi a riƙe tsoro za a sake cin karo da ita a gaba.

Daren 30 ga Oktoba 1938, Orson Welles ya gabatar da wasan kwaikwayo a rediyon CBS cikin siffar labarai masu shigowa da ɗumi-ɗuminsu, wai halittu daga duniyar Mars sun sauka a jihar New Jersey suna hallaka mutane. Washegari jaridu suka ce ƙasa duka ta ruɗe. Hadley Cantril na Jami'ar Princeton ya yi bincike ya buga a 1940, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 6 ne suka ji shirin, fiye da miliyan 1 kuma suka tsorata. Shekaru da yawa ana kafa hujja da wannan dare don nuna ƙarfin rediyo. Amma masu tarihi na baya sun tono cewa wani kamfanin auna masu sauraro ya buga wa gidaje 5,000 waya a daren, ya sami kashi 2 cikin 100 ne kaɗai ke kan tashar, kuma jaridu, waɗanda rediyo ke ƙwace musu kuɗin talla, suna da dalilinsu na zuzuta abin. Shi kansa Cantril abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne waɗanda ba su ruɗe ba, watau waɗanda suka murɗa akwati zuwa wata tasha, ko suka leƙa taga, ko suka tambayi maƙwabci.

Maƙwabcin nan shi ne ya zama ginshiƙin ra'i na biyu. A zaɓen shugaban Amurka na 1940, Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa suka zaɓi mutum kamar 600 a gundumar Erie ta jihar Ohio, suna komawa gare su wata-wata daga Mayu har Nuwamba, don su ga yadda jarida da rediyo ke juya ƙuri'a. Sai suka tarar kaɗan ne ƙwarai suka sauya sheƙa, waɗanda suka sauya ɗin ma galibi wani mutum suka ambata, miji ko abokin aiki ko wani da suke ganin girmansa. Daga nan aka ce saƙo zango biyu yake yi: daga kafa zuwa ga jagoran ra'ayi, daga jagora zuwa ga sauran jama'a. Wanda ya taɓa zama a majalisar ƙofar gida ko teburin mai shayi bayan an gama labaran Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ba zai yi mamakin wannan ba. Rediyo ta faɗi tata ta yi shiru, sa'an nan wani dattijo ko wani malamin makaranta ya ce, to, ga abin da ake nufi, kuma fassararsa ce ake tafiya da ita gida. A 1960 Joseph Klapper ya tattara binciken da aka yi, ya ce yawanci kafofin nan ƙarfafa abin da mutum ya riga ya yarda da shi suke yi. Sai dai Klapper ya yi aiki da kamfanin CBS, kuma masu gidajen telebijin sun yi maraba da wannan hukunci fiye da kima.

Lokacin da ake wannan magana, telebijin ya riga ya shiga ɗaki. A 1950 gidaje kashi 9 cikin 100 ne ke da shi a Amurka, a 1960 sun kai kusan kashi 87. Dattijo mai ƙuri'a yana da ra'ayin da ya ginu shekara da shekaru, amma yaro ɗan shekara huɗu da ke zaune gaban akwati ba shi da komai da zai tare da shi.

A nan Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya shigo. A 1961 shi da Dorothea Ross da Sheila Ross suka ɗauki yara 72 daga makarantar renon jami'ar, maza 36 mata 36, 'yan tsakanin shekara 3 da 6. Waɗansu aka sa su a ɗaki suka ga wani babba yana dukan wata 'yar tsana ta roba da ake hura wa iska, mai nauyi a gindi, wadda in an ture ta sai ta miƙe. Ya zauna a kanta yana naushin hancinta, ya buga mata guduma, ya jefa ta sama, yana faɗin waɗansu kalmomi. Waɗansu yaran suka ga babba yana wasansa cikin natsuwa, waɗansu ba su ga kowa ba. Sa'an nan aka ɗan ɓata wa kowane yaro rai, aka nuna masa kayan wasa masu kyau aka hana shi, aka kai shi ɗakin da 'yar tsanar take. Waɗanda suka ga duka suka yi duka, da irin salon da suka gani, har da kalmomin. A 1963 aka maimaita da fim maimakon mutum a zahiri, sakamakon bai bambanta sosai ba.

Masu suka sun ce, kuma da gaskiyarsu, 'yar tsanar nan don a buge ta aka yi ta, ba ta kuka, ba ta jini, kuma yaron da aka kai baƙon ɗaki yana iya zaton abin da babba ya yi shi ake so ya yi. Amma gwajin da ya fi amfani shi ne na 1965, wanda ba a cika ambatonsa ba. Aka raba yara uku: waɗansu suka ga an ba mai dukan alewa an yabe shi, waɗansu suka ga an tsawata masa an hore shi, waɗansu ba su ga an yi masa komai ba. Waɗanda suka ga horo ba su kwaikwayi dukan sosai ba. Daga baya aka ce wa dukansu, wanda ya nuna abin da mutumin nan ya yi zai sami kyauta, sai bambancin ya ɓace, kowa ya iya. Ashe duk sun koya, abin da ya bambanta shi ne wa ya ga aikatawa za ta haifa masa alheri. Koyo daban, aikatawa daban, tsakaninsu kuwa akwai tsammanin sakamako. Yaron da ya ɗauko harbin Bruce Lee ya ajiye shi a ka, amma ko zai sauke shi a kan ƙanensa, wannan ya rataya ga abin da ya san zai biyo baya a gida da makaranta da unguwa.

Akwai waɗanda suka ɗauki akasin wannan hanya. Tun zamanin Aristotle na Girka ake cewa kallon wasan baƙin ciki yana wanke zuciya daga tsoro da tausayi da suka taru a cikinta. Seymour Feshbach ya ɗauko wannan ya ce kallon faɗa yana huce fushi, kamar yadda ake sassauta murfin tukunya tururi ya fita. A 1971 shi da Robert Singer suka buga sakamakon gwajin da suka yi a makarantun kwana da gidajen renon samari a Kalifoniya da New York, inda aka ɗora waɗansu kan shirye-shiryen faɗa, waɗansu kan na lumana, har mako 6. A gidajen reno, masu kallon faɗa ne suka fi zama lafiya. Sai dai akwai lauje cikin naɗi. Samarin da aka hana shirye-shiryen da suke so haushin hanin ne ya cika su, har a waɗansu gidajen suka yi bore, aka sassauta musu suka kalli Batman. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su goyi bayan ra'in ba. Brad Bushman ya nuna a 2002 cewa wanda aka fusata aka ce ya naushi buhun 'yan dambe yana tunanin wanda ya ɓata masa rai, fushinsa ƙaruwa yake yi, ya fi na wanda aka bari ya zauna shiru. A cikin ra'o'in nan duka, wannan ne ya fi daɗin ji ga masu sayar da fim, shi ne kuma ya fi ƙarancin hujja.

Leonard Berkowitz na Jami'ar Wisconsin ya tambayi abin da ya fi dacewa: wane irin kallo, ga wane mutum, a wane hali? Yakan sa a fusata ɗalibi, a nuna masa wani yanki na fim ɗin dambe inda aka yi wa Kirk Douglas jina-jina, sa'an nan a ba shi damar danna wa wanda ya fusata shi wutar lantarki. In an gaya wa ɗalibin cewa wanda ake duka a fim mugu ne, ya cancanci abin da ya same shi, sai ya ƙara danna wutar. In aka ce masa sunan wanda ya fusata shi Kirk, sai ya ƙara fiye da in an ce sunansa Bob. A 1967 shi da Anthony LePage suka nuna cewa ko ajiye bindiga a kan tebur kusa da mai fushi yana ƙara masa zafin hannu, ko da yake waɗanda suka maimaita wannan gwaji ba duka suka sami abu ɗaya ba. Abin lura a nan shi ne, ba jini ne ya fi haɗari ba. Dukan da jarumi ya yi, wanda aka halatta masa, aka yi masa tafi, ba a nuna uwar wanda aka kashe tana kuka ba, shi ne mai shiga jiki. Wani babban bincike da aka yi kan telebijin na Amurka daga 1994 zuwa 1997 ya sami tashin hankali a kusan kashi 60 cikin 100 na shirye-shirye, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na aika-aikar mutanen kirkin labarin ne suka yi ta. Hukumar tace fim da ke yanke wurin da aka nuna rauni, ta bar wurin da jarumi ya ɗauki fansa ana kiɗa, ta yanke magani ne ta bar cuta.

George Gerbner, haifaffen Budapest wanda ya gudu zuwa Amurka a 1939, ya juya tambayar gaba ɗaya. Bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968, Shugaba Johnson ya kafa hukumar binciken musabbabin tashin hankali, aka ba Gerbner aikin ƙirga faɗan da ke cikin telebijin. Shi da mutanensa a Jami'ar Pennsylvania suka ci gaba da ƙirgar shekara da shekaru, suna samun tashin hankali a kamar 8 cikin kowane shiri 10. A ganinsa, masu ɗaukar makami saboda kallo kaɗan ne, amma masu jin tsoro saboda kallo miliyoyi ne. Telebijin kamar manomi yake, yana noma tunani a hankali, damina bayan damina, har wanda ke kallon sa'a 4 ko fiye a yini ya ɗauka duniya ta fi yadda take mugunta, kowa macuci ne, fita da dare halaka ce. Mutumin da tsoro ya cika kuwa, in ji shi, yana da sauƙin mulka, zai yarda da kowace irin tsauraran doka in an ce don kare shi ne. An soki wannan ra'i ƙwarai. A 1979 Anthony Doob da Glenn Macdonald suka gwada a birnin Toronto, suka ga cewa masu yawan kallo galibi mazauna unguwannin da laifi ya yi yawa ne, suna zaune a ɗaki saboda waje ba lafiya, kuma in an kwatanta mutanen unguwa ɗaya da junansu, dangantakar kallo da tsoro takan yi rauni ƙwarai. Tsoron nasu ba na banza ba ne.

Akwai kuma dakushewar zuciya. A 1974 Ronald Drabman da Margaret Thomas suka nuna wa waɗansu 'yan firamare fim ɗin kaboyi mai faɗa, waɗansu ba a nuna musu ba, sa'an nan aka ce wa kowane yaro ya lura da ƙananan yara biyu ta akwatin telebijin, in ya ga matsala ya kira babba. Ƙananan suka fara cacar baki har ta kai ga dambe. Waɗanda suka kalli fim suka fi jinkirin kiran babba. Wannan yaro bai daki kowa ba, ya dai tsaya yana kallo, kuma duk wanda ya taɓa ganin taron da ya kewaye wanda ake zargi da sata a kasuwa ya san cewa masu tsayawa kallo sun fi masu jifa yawa.

Gwamnatin Amurka ta so a rufe gardamar. A 1969 Sanata John Pastore ya nemi babban likitan gwamnati ya yi bincike, aka ware dala miliyan 1, aka kafa kwamiti na mutum 12. Amma an ba kamfanonin telebijin damar soke sunan duk wanda ba su so, suka soke mutum 7, ciki har da Bandura da Berkowitz, alhali 5 daga cikin waɗanda aka naɗa suna da alaƙa da kamfanonin. Rahoton da ya fito a 1972 ya ce akwai alamar cewa kallo na haddasa faɗa, amma ga waɗansu yara ne da dama suke da wannan ɗabi'a, kuma a waɗansu yanayi. Kowane ɓangare ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi.

Gwajin ɗaki na minti ashirin ne, rayuwa kuwa doguwa ce, saboda haka waɗansu suka bi yara har girmansu. Leonard Eron da abokansa suka fara da yara fiye da 800 'yan shekara 8 a gundumar Columbia ta jihar New York a 1960. Da suka koma bayan shekara 10, sai suka ga cewa yaro namiji da ya fi son shirye-shiryen faɗa yana ƙarami ya fi yiwuwa ya zama mafaɗaci yana ɗan 19, amma ba su ga haka ga mata ba. Binciken da kamfanin NBC ya ɗauki nauyinsa, wanda ya fito a 1982, bai sami tasirin a-zo-a-gani ba. Wahalar irin wannan aiki ita ce, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: yaro mai zafin rai shi ne ke neman fim mai zafi, kuma gidan da ake barin yaro gaban akwati har tsakar dare sau da yawa gida ne da ke da waɗansu matsalolin.

Wurare biyu sun ba da damar ganin kafin da bayan. Wani ƙaramin gari a lardin British Columbia na Kanada yana cikin kwari, telebijin bai kama a can ba sai 1973. Tannis MacBeth Williams ta auna yaransa kafin zuwan akwatin da kuma bayan shekara 2, ta tarar duka da zagi a filin wasa sun ƙaru ainun. Tsibirin Saint Helena kuwa, inda aka tsare Napoleon, bai sami telebijin ba sai 1995. Tony Charlton ya kafa na'urorin ɗaukar hoto a filayen wasan makarantu, ya bi yaran shekaru, bai ga ƙarin faɗa ba, ko da yake abin da suke kallo bai gaza na Ingila zafi ba. Bayaninsa shi ne, mutanen tsibirin 'yan dubbai ne, kowa ya san ɗan kowa, duk inda yaro ya juya akwai idon babba a kansa. Akwatin iri ɗaya ne a wuraren biyu, ƙasar da irin ya faɗa ce ta bambanta.

Da wasannin kwamfuta suka zo, aka sake gardamar daga farko, wannan karon da hujjar cewa yaro da hannunsa yake harbin. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2005 ta hana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasanni masu tashin hankali, amma a 2011 Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke ta da rinjayen alƙalai 7 a kan 2, ta ce binciken da aka gabatar bai tabbatar da cewa wasannin ne ke sa yara aikata faɗa ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta tsaya a 2020 kan cewa akwai ɗan tasiri a kan zafin rai, irin su tsawa da ture-ture, amma babu isasshiyar hujjar danganta wasannin da mugun laifi. Daɗin daɗawa, daga 1991 zuwa 2014, lokacin da wasannin suka cika gidaje, manyan laifuffukan tashin hankali a Amurka sun ragu da kusan rabi. Har ma Gordon Dahl da Stefano DellaVigna sun nuna a 2009 cewa a daren da aka saki babban fim mai faɗa, kai hari kan mutane raguwa yake yi, ba don zuciya ta wanku ba, sai don samarin da za su kasance a mashaya suna zaune a silima. Gaskiyar da za a iya tsayawa a kai ita ce, faɗan ƙage yana da tasiri, amma ƙarami ne in an jera shi da dukan da yaro ke sha a gida, da talauci, da ƙwaya, da abokan banza, da sauƙin samun makami.

To, amma akwai wani nau'in da ba na ƙage ba, wanda masanan Amurka suka daɗe ba su kula da shi ba, saboda idonsu na kan yara da akwati. A Yuli 1993 aka buɗe gidan rediyon RTLM a Kigali, babban birnin Ruwanda. Ya ja matasa da kiɗan zamani da barkwanci, a tsakani yana kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai. Da aka harbo jirgin Shugaba Habyarimana ranar 6 ga Afrilu 1994, gidan ya shiga karanta sunayen mutane da lambobin motocinsu da wuraren da suka ɓuya. Cikin kwana kamar 100 aka kashe mutum aƙalla 500,000, ƙiyasin da aka fi ambata ma 800,000 ne. An roƙi Amurka ta toshe tashar daga sama, ma'aikatar tsaronta ta kawo uzurin doka da na kuɗi, wai jirgin zai ci dala 8,500 a kowace sa'a. A Disamba 2003 kotun duniya da ke Arusha ta sami biyu daga cikin jagororin gidan da editan jaridar Kangura da laifi, kamar yadda kotun Nuremberg ta rataye ɗan jarida Julius Streicher a 1946. A nan duk sharuɗɗan Bandura da Berkowitz sun haɗu: murya ce da aka amince da ita, ta halatta kisan, ta ce kare kai ne, ta ambaci sunan wanda za a kashe, ta kuma nuna cewa babu hukunci.

Duk da haka ra'in allura bai dawo ba. Ruwanda ƙasar tuddai ce, wani ƙauye na kama tashar, na bayan tudu ba ya kamawa. David Yanagizawa-Drott ya yi amfani da wannan a 2014, ya ƙiyasta cewa kamar kashi 10 cikin 100 na waɗanda suka sa hannu a kisan, watau mutum wajen 51,000, ana iya danganta shigarsu da rediyon, kuma tasirin ya tsallaka zuwa ƙauyukan maƙwabta ta bakin mutane. Scott Straus kuwa ya yi hira da fursunoni kamar 200 da suka amsa laifi, yawancinsu suka ce wani ne ya zo ƙofar gida ya ce su fito, suka ji tsoron ƙi. Zango biyun Lazarsfeld ke nan, a mafi munin siffarsa. A Kaduna ma, a Nuwamba 2002, rubutun da ya jawo rikicin da ya ci fiye da mutum 200 da Turanci aka yi shi a wata jarida ta Legas, da wuya kuwa a ce yawancin waɗanda suka fito sun karanta shi da idonsu. Baki ne ya kai shi, ya kuma faɗa a garin da raunin rikicin 2000 bai warke ba.

A Ruwandan dai aka gwada akasin abin. Daga 2004 aka fara watsa wani wasan kwaikwayo na rediyo mai suna Musekeweya, labarin ƙauyuka biyu masu rigima kan ƙasar noma, da saurayi da budurwa daga ɓangarorin biyu. Elizabeth Levy Paluck ta sa ƙungiyoyin ƙauye suna sauraron kaset wata-wata har shekara guda, rabi wannan wasa, rabi wani wasa kan kiwon lafiya, ta buga sakamakon a 2009. Abin da kowane mutum ya gaskata a ransa game da musabbabin kisan bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne tunaninsa kan abin da jama'a ke ɗauka daidai, kamar auratayya tsakanin ƙabilu da fitowa fili a ce ban yarda ba. A ranar ƙarshe aka ba kowace ƙungiya kyautar rikoda da kaset-kaset, aka bar su su shirya yadda za su yi da ita, masu binciken na gefe suna rubutawa. A ƙungiyoyin wasan kiwon lafiya, yawanci mutum ɗaya kan ce a kai wa shugaban ƙauye ya ajiye, wani ya goyi baya, magana ta ƙare. A ƙungiyoyin Musekeweya ma da wannan shawara akan fara, sai wani ya miƙe ya ce a'a, rikodar ta kowa ce, a zaɓi wanda zai riƙe ta, gardama ta kaure, aka yi ta yi har aka daidaita.